IN GUBA TA HAU KAN DABBA: MAGUNGUNAN DA KE TSARE ƘWAƘWALWA

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo, kowa ya san dabba tana da tunani irin nata. Saniya ta san hanyar rijiya, ta san muryar mai ita, ta san turkenta ko cikin duhu. Akuya tana fidda ɗanta cikin ɗari. A shekarar 2001, masu bincike a kusa da birnin Kambirij na ƙasar Ingila sun nuna cewa tunkiya tana iya riƙe fuskokin tumaki 50 a kanta har sama da shekara 2. Wannan tunani shi ne ke kai dabba kiwo ya maido ta gida.

Amma akan wayi gari a ga bisa ta rikice. Ta ware daga garke, ta tsaya ta kafa kai ga bango ko ga icce. Idonta buɗe amma ba ta gani. Ga ruwa gabanta, ba ta san shi ba. Ɗanta yana kuka, ba ta waiwaya. Wasu su ce iska ce ta buge ta, wasu su ce baki ne. Sau da yawa abin da ya faru shi ne guba ta kai ga ƙwaƙwalwa. Akwai magungunan da ke tsare ƙwaƙwalwa daga wannan ɓarna, amma da sharaɗi biyu: a ba da wanda ya dace da irin gubar, kuma a ba da shi da wuri.

Ƙaƙa guba ke ɓata ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwa tarin ƙananan ƙwayoyi ce waɗanda ido ba ya gani, masu aika wa juna saƙo dare da rana. Don su yi aiki suna bukatar abinci da jini ke kawo musu, suna kuma bukatar saƙon ya wuce daidai, kada ya gaza, kada ya yi yawa. Wata guba tana hana su cin abincin, wata tana rikita saƙon, wata kuma tana shiga cikinsu ta zauna.

Abin lura shi ne wannan: in dabba ta ji ciwo a fata, fata tana tsirowa. In ƙashi ya karye, ana ɗori ya kama. Amma ƙwayar ƙwaƙwalwa in ta mutu, ba ta dawowa. Da farko ƙwayoyin kumbura suke yi, su galabaita. A wannan lokaci magani yana ceto su. In aka bari suka mutu, ko dabbar ta tashi, sai ta zauna makauniya ko wawuya har ƙarshen ranta. Don haka aikin waɗannan magunguna tsarewa ne, ba tada matacce ba.

Abin da aka koya wajen ɓeraye

A ɗakunan bincike, da ɓeraye ake gwada irin waɗannan magunguna. A 1981 wani malami mai suna Richard Morris, a ƙasar Sikotilan, ya fito da wata dabara da har yanzu ake aiki da ita. Ana sa ɓera cikin babban baho na ruwa mai gurɓi, wanda aka ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashinsa. Bayan ƴan kwanaki ɓeran ya koyi wurin, da an sa shi sai ya miƙe can. Sa'an nan a ba shi guba, a ga ko ya manta. A ba wani ɓeran gubar tare da magani, a ga ko maganin ya tsare masa tunani.

Gubar da aka fi yin wannan gwaji da ita sunanta sikofolamin, kuma kun san inda take: tana cikin zaƙami, wanda ake ce ma haukata-yaro. Tana toshe wani saƙo na ƙwaƙwalwa mai suna asetilkolin, wanda tunani ke tafiya da shi. In saƙon ya gaza, sai mantuwa da ruɗewa. Makarinta na farko daga wani wake ne na yankin Kalaba a kudancin Najeriya aka fitar da shi a 1864. Shi ƙara saƙon yake yi. Magungunan mantuwar tsufa da ake ba mutane, irin su donefezil da aka fara saidawa a Amurka bayan an yarda da shi a 1996, su ma haka suke aiki.

Waɗannan ba magungunan garke ba ne, kada kowa ya nemo su don dabbarsa. Amma darasin da ke ciki namu ne. Saƙon nan in ya gaza cuta ne, in ya yi yawa ma cuta ne. Maganin da ke ceton dabbar da saƙo ya yi wa yawa, shi ne zai ƙarasa wadda saƙo ya gaza mata. Shi ya sa ba a yi wa ciwon kai na dabba allurar kirdado.

Na ɗaya: bitamin B1, maganin ragon da ke kallon sama

Cikin tumbin shanu, tumaki, awaki da raƙuma akwai ƙananan halittu masu narka ciyawa. Su ne ke yi wa dabba bitamin B1, wanda likitoci ke kira tiyamin. In babu shi, ƙwaƙwalwa ba ta iya cin abincin da jini ya kawo mata, kamar a ce ga hatsi ga tukunya amma babu wuta.

Mi ke kashe wannan bitamin? Babban dalili a wajenmu shi ne canza abinci farat ɗaya. An sayo rago daga daji, wanda bai san komi ba sai ciyawa, an turke shi don layya, an cika masa gaba da hatsi da dussa, an rage masa harawa da kara. Tumbi ya yi tsami, wasu halittu masu lalata bitamin su yi yawa. Haka kuma ruwa ko abincin da farar wuta ta yi wa yawa, da wuce ƙa'ida wajen ba da maganin zawon jini mai suna amfuroliyom, duk suna kawo wannan ciwo. An fara bayyana shi a 1956 a jihar Kolorado ta Amurka, cikin shekarun 1960 kuma aka gane B1 ke maganinsa. Ya fi kama ƙananan dabbobi masu tasowa.

Alamominsa: dabba ta ware, ta daina ci, ta makance alhali idon lafiya lau, tana tangaɗi, tana ɗaga kai sama kamar mai ƙirgan taurari. In abin ya yi nisa sai ta faɗi gefe guda, wuya ya lanƙwashe baya, tana shure-shure.

Magani: allurar B1, miligaram 10 ga kowane kilo na nauyin dabba. Ragon da ya kai kilo 40 ke nan zai samu miligaram 400. Ta farko a jijiya ake yin ta, sannu a hankali, don in aka tura da sauri dabba na iya faɗuwa. Sauran a nama, sau 3 ko 4 a yini, har kwana 2 zuwa 3. Dabbar da aka riska da wuri takan nuna sauƙi cikin yini guda, ko da yake gani yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Wadda farar wuta ce ta kama ta, maganin bai cika yi mata aiki sosai ba, sai an canza mata ruwa da abinci.

Hattara: kwalaben bitamin masu haɗe-haɗe da ake saidawa a kasuwa, yawancinsu B1 ɗin da ke ciki kaɗan ne. Allura guda daga cikinsu ba ta kai awon da muka faɗa ba. A bari ma'aikacin kiwo ya duba takardar kwalbar ya yi lissafi.

Na biyu: atirofin da diyazefam, makarin maganin ƙwari

Maganin feshin wake da kayan lambu, maganin fara, wasu magungunan wankan kaska, da wanda ake ce ma piya-piya, da yawansu dangi ɗaya ne. Daga cikinsu akwai diyazinon, malatiyon, fenitirotiyon, kulorfirifos da dikulorbos. Dabba tana samunsu ta hanyoyi da dama: an haɗa ruwan wanka ya yi ƙarfi, an bar ta ta shiga gonar da aka fesa, an ɗebo mata ruwa cikin bidon da ya taɓa ɗaukar magani, ko an yi mata wanka da maganin gona don ya fi araha.

Waɗannan su ne masu sa saƙon nan asetilkolin ya taru ya yi yawa. Cikin mintoci ko ƴan awoyi sai a ga miyau yana dalala, hawaye, zawo, fitsari a kai a kai, baƙin tsakiyar ido ya tsuke, naman jiki yana rawa, numfashi da ƙyar da kurari a ƙirji. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya.

Atirofin shi ne makari na farko. Yana toshe wurin da saƙon ke sauka, miyau ya tsaya, ƙirji ya buɗe. Likita yakan sa wani kashi a jijiya, sauran a nama ko ƙarƙashin fata, ya maimaita in alamomi sun dawo. Akwai na biyu, faralidoksim, wanda ke ɓamɓare gubar daga inda ta kama, amma amfaninsa cikin kwana na farko ko na biyu ne.

Na uku shi ne diyazefam, mai tsaida jijjiga. Kada a raina shi. Jijjigar da ta daɗe ita kanta tana ƙona ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, musamman wurin da tunani yake. Duk mintin da aka rage na jijjiga, an ceci wani abu na hankalin dabbar.

Ga gargaɗi. Atirofin dangin gubar zaƙami ne. Kada wani ya ji haka ya ce zai jiƙa zaƙami ya ɗura wa dabba. Ba wanda ya san ƙarfin da ke cikin ganye ko ƴaƴa, sai ka kashe abin da ka zo ceto. Kuma atirofin ba ya yi wa kowane maganin ƙwari aiki. Akwai masu kashe kaska da ba na wannan dangi ba. Shi ya sa kwalbar da aka yi aiki da ita, ko ledarta, ita ce abu na farko da za a nuna wa likita.

Na uku: maganin gubar dalma

Dalma tana cikin tsohon batirin mota, na babur da na wutar rana, cikin wasu fenti, da tokar juji inda aka ƙone irin waɗannan tarkace. Maruƙa su ne aka fi asara, don komi suka gani sai sun lasa. Batir guda da ya fashe a bayan gari ya isa ya kashe maruƙa da dama. Gutsattsarin dalma suna da nauyi, sai su kwanta ƙasan tumbi suna narkewa kaɗan-kaɗan.

Cikin kwana 1 ko 2 maraƙi ya makance, yana cizon haƙora, yana kuka ba dalili, fatar ido da kunne suna rawa, yana tura kai ga bango, wani lokaci ya zabura ya afka wa shinge. Ko kaɗan ce ta shiga, tana rage kaifin tunani. A 1974 masu bincike a jihar Ayowa ta Amurka sun nuna cewa ƴan tumakin da uwayensu suka ci dalma lokacin ciki sun fi sauran jinkirin koyo.

Maganinta allurar kalsiyom EDTA ce, wadda ke kama dalma cikin jiki ta fitar da ita ta fitsari. Ana yin ta kwana 3, a huta kwana 2, a sake in da bukata. Ana haɗa ta da allurar B1, wadda ke rage alamomin kai, da gishirin Ingilishi ta baki, wanda ke ɗaure dalmar da ke cikin hanji ya kore ta. Wannan aikin likita ne kaɗai, don maganin yana iya taɓa ƙoda.

Mu tuna abin da ya faru a maƙwabtanmu. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, an riƙa niƙa dutsen zinari mai dalma cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Kafin a ankara da yaran, agwagin ƙauyukan ne suka fara ƙarewa. Ke nan in dabbobi suka fara mutuwa da ciwon kai a wuri guda, gargaɗi ne ga mutanen gidan. A duba yara, a gaya wa likitan mutane. Duk inda ake niƙa ko wanke dutsen zinari, a nisanta bisashe daga ƙurar da ruwan.

Tsirran da ba su da makari

Da rani, in daji ya bushe, abin da ya rage kore shi dabba ke ci ko da ba ta so. Duman rafi, wanda wasu ke ce ma duman kada, mai yaɗo bakin tabki, in dabba ta yawaita cinsa yana sa ta rawar kai da tangaɗi. Ba shi da makari, amma in aka janye dabbar daga wurin yawanci tana warwarewa.

Akwai ɗan uwansa wanda ba ya yaɗo, tsaye yake kamar shinge, mai fure ruwan hoda mai kamar mazurari. An tabbatar da ɓarnarsa ga awaki a Sudan, Mozambik da Barazil. Gubarsa sannu take aiki: akuya ta rame, kai yana kaɗawa, in aka firgita ta sai ta faɗi. Wadda ta saba da shi nemansa take yi. In aka raba ta da shi da wuri tana iya tashi, in ta yi makonni da yawa tana ci, ɓarnar ta zauna. A nan ba allurar da za ta yi aikin makiyayi.

Ba kowane ciwon kai ne guba ba

Cututtuka uku suna kama da guba, a san su.

Haukan kare. Shanu, awaki, jakkai da raƙuma duk suna kamuwa, kuma yana kashe mutum. Duk dabbar da ke dalalar da miyau, halinta ya canza, kada a sa mata hannu a baki wai neman abin da ya maƙale. Wanda aka ciza ko miyau ya taɓa masa rauni, ya wanke da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi likita ranar.

Ciwon da kaska ke kawowa, mai tara ruwa a zuciya. Yana zuwa da zazzaɓi mai zafi, dabba tana ɗaga ƙafa sama-sama in tana tafiya. Maganinsa allurar oksitetirasikilin ce da wuri, ba B1 ba.

Jakar ruwa cikin ƙwaƙwalwa, mai sa tunkiya zagaye gefe guda. Daga tsutsar cikin kare take. Kada a jefa wa karnuka kan dabbar da ta mutu da wannan ciwo.

Abin da ke sa a zargi guba shi ne dabbobi da yawa su kamu lokaci guda, bayan an canza abinci, wurin kiwo, ruwan sha, ko an yi wanka ko feshi.

Mi za a yi kafin ma'aikacin kiwo ya iso?

1. A aika kiransa nan take. Kada a ce bari mu gani zuwa gobe. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

2. A kau da sauran garke daga wurin kiwon, ruwan ko abincin da ake zargi.

3. A kai maras lafiya inuwa, wuri shiru, nesa da rijiya, wuta da ƙaya. A shimfiɗa mata kara ko yashi. In ta kwanta gefe guda, a tallabe ta ta zauna bisa ƙirji don kada ciki ya kumbura.

4. In ta fata maganin ya shiga, a wanke ta da ruwa mai yawa da sabulu, ba tare da gurzawa da ƙarfi ba. Mai wankin ya sa leda a hannu.

5. Kada a ɗura wa dabbar da ke jijjiga ko ba ta iya haɗiya komi. Ruwan huhu yake tafiya. Kada a ba da mai ko nono ga wadda ta sha maganin ƙwari, don maiƙo yana taimaka wa gubar shiga jini. Akwai gawayi na musamman da likita ke ɗurawa mai tsotse guba cikin tumbi. Gawayin murhu bai kai shi ƙarfi ba.

6. A ajiye shaida: kwalba, leda, guntun batir, reshen tsiron da furensa, ragowar abinci da ruwa. A riƙe amsar tambayoyi huɗu: yaushe abin ya fara, dabba nawa, mi aka canza cikin mako biyun nan, wane magani aka riga aka ba ta.

In dabba ta mutu, a bar ma'aikaci ya buɗe ta. Abin da ya ɗiba, kamar hanta, ƙoda, abin cikin tumbi ko kai, ana iya aika shi babban ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL a Yamai. Sanin abin da ya kashe guda shi ke ceton saura.

Nama da nono

Al'ada ce in dabba ta faɗi a yi maza a yanka kada ta yi mushe. To, yanka ba ya fidda guba. Dalma tana taruwa a hanta, ƙoda da ƙashi, tana fita cikin nono, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Dabbar da ta ci dalma, ko ta warke, tana iya riƙe ta watanni. Nonon irin wannan saniya kada ya shiga bakin yaro ko mai ciki. Naman dabbar da guba ta kayar ba a ci, ba a kai kasuwa, ba a ba kare. A haƙa rami mai zurfi a rufe. Wadda aka yi wa magani ta tashi, a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a yanka ta.

Jinya bayan magani

Dabbar da ta tashi daga ciwon kai kamar jaririya take. A turke ta wuri guda, kada a riƙa canza mata mazauni. A sa ruwa da ciyawa mai laushi wuri ɗaya kullum, a kai bakinta gare su har ta sake koyo. A bar wata dabba mai sanyin hali kusa da ita, don jin motsin ƴar uwa yana sa ta ci. Kada a sake ta cikin garke sai ta iya kauce wa abin da ke gabanta. In makonni suka wuce ba gani ba hankali, a yi shawara da likita, don ci gaba da saye-sayen allura asarar kuɗi ce.

Abin da za a riƙe

Ragon turka, a shigar masa da hatsi da dussa kaɗan-kaɗan cikin mako 2 zuwa 3, kuma kada harawa ko kara su yanke masa.

Maganin gona na gona ne, na dabba na dabba ne. A auna ruwan wanka yadda takarda ta ce. Bidon magani a huda shi a rufe cikin rami, ba a ɗiban ruwa da shi.

In an yi feshin fara ko na gona, a tambayi masu feshin kwana nawa za a hana kiwo a wurin, a cika kwanakin.

Tsohon batir ba ya kwana a fili. A zagaya bayan gari da wurin sauka a tsince su kafin a saki maruƙa.

Shugabannin ƙungiyoyin makiyaya su tuntuɓi gidan likitan dabbobi mafi kusa, na gwamnati ko mai zaman kansa, tun kafin lokacin turka da lokacin feshi, su tabbata akwai B1 da atirofin a ajiye waɗanda kwanansu bai ƙare ba, su kuma riƙe lambar wayar ma'aikacin. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a rijiya, a kasuwa da wurin taro.